Tsakanin «ya lalace» da «na lalata»

Duk wanda ya zauna ajin ƙirar kalma a wannan sashe namu ya san giredojin aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, ya kuma san cewa «lalata» ɗan giredi na ɗaya ne, «lalace» kuwa ɗan giredi na huɗu. Ni ma na haddace wannan, na rubuta shi a jarrabawa, na sami maki mai kyau. Amma ban san nauyin abin da ke tsakanin kalmomin nan biyu ba sai wata ranar Laraba ta watan Agustan bara, a tsakar gidan kawuna a unguwar Bukoki, ina tsugunne gaban wani tsohon injin yankan ciyawa da ya ƙi tashi.

Kawuna ƙanen mahaifiyata ne, Bagobiri, mutumin Tibiri. Ya zo Yamai ci-rani tun kafin a haife ni, ya yi gadi, ya yi ban ruwan furanni, daga bisani ya zama mai kula da lambu a gidan wani Bature. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa injin a matsayin sallama. Injin ƙirar Amurka ne, mai ƙarfin doki uku da rabi, jan fentinsa ya koɗe, ƙafarsa ɗaya ta baya an ɗaure ta da waya. Kawu yana kiransa «tondas», sunan da masu aski ma suke kiran abin askinsu da shi, wani lokaci kuma cikin raha ya ce masa «wanzami». Da shi yake zagaya gidaje biyar a unguwar Filato yana aske musu gazo, ya kwashe hakin da ya yanke a buhu ya sayar wa masu kiwon raguna. Yakan yi dariya ya ce bai taɓa ganin sana'a irin tasa ba, a biya ka ka yanke abincin dabba, sannan a roƙe ka ka tafi da shi. Daga wannan inji ake cefane a gidan. Daga shi kuma kuɗin motar da ke ƙetarar da ni Gadar Kennedy zuwa jami'a suke fitowa, tun shekarata ta farko.

Mako guda kafin ranar da nake magana, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Kawu. Damina ta kankama, ciyawa ba ta jiran mai jinya, saboda haka na ce zan riƙe masa aikin. Gidaje biyu na farko na yi su lafiya. A na uku, ina tura injin kusa da katanga, sai na ji ƙara, ƙwal, injin ya girgiza ya mutu nan take. Ashe wani guntun bututun ƙarfe ne na tsohon famfo ya ɓuya cikin ciyawa. Na kwantar da injin ta gefe don in duba wuƙar, na ga ta ɗan dakushe kawai, na tayar da shi tsaye, na ja igiya sau ashirin ko fi, bai ce uffan ba. Na turo shi gida. Da Kawu ya tambaye ni daga kan shimfiɗa, amsar da na ba shi kalmomi uku ce: «Kawu, ya lalace.»

Ban yi ƙarya ba, in dai ƙa'idar nahawu za a bi. Injin ya lalace ɗin. Na dai zaɓi sigar aikatau wadda ba ta neman mai aikatawa, wadda take ɗora abin a kan injin kansa, kamar dai da ganin damarsa ya yi. Hausa ta tanadar mana irin waɗannan tagwaye da yawa: fasa da fashe, karya da karye, ɓata da ɓace. Yaron da ya saki tulu ba ya cewa «na fasa», cewa yake «ya fashe». Mun sha nazarin wannan a matsayin batun ƙirar kalma da ginin jimla. Ranar nan na yi amfani da shi a matsayin maɓoya.

Ranar Laraba Kawu ya miƙe, ko da yake jikin bai gama warwarewa ba. Maigidan da na bar aikinsa rabi ya aiko cewa yana da taron suna ranar Juma'a, in ba a gama ba zuwa Alhamis zai nemi wani. Rasa gida ɗaya cikin biyar ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali tara. Kawu ya shimfiɗa buhu a inuwar dogon yaro, ya zazzage kayan aikinsa daga wani tsohon gwangwanin madara, ya dube ni ya ce: «Zo nan, ɗan lakwal. Kai da ka rubuta sunayensu duka, yau ka ga masu sunan.»

Gatse ne, kuma na cancance shi. Kundin da nake rubutawa a kan kalmomin aro ne a bakin makanisai. Na yi watanni ina yawo garaji-garaji da na'urar ɗaukar murya, na tara kalmomi sama da ɗari biyu, na jera su gida biyu: waɗanda suka shigo ta Faransanci a wannan gefe na iyaka da waɗanda suka shigo ta Ingilishi a wancan. Mu muna cewa buji, mutanen Katsina da Kano suna cewa fulogi. Mu kile, su sifana. Mu turnabis, su sukundireba. Mu isansi, su fetur. Ina iya bayanin yadda Hausa take saƙala wasali don raba baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma, da yadda take sauya sautin da ba ta da shi da mafi kusa da shi. Har na san cewa kalmar buji asalinta kyandir take nufi a Faransanci, kuma daga sunan birnin Bijaya na Aljeriya ta samo tushe, inda a da ake fitar da kakin zuma zuwa Turai. Abin da ban taɓa yi ba shi ne kwance buji da hannuna.

Kawu bai yi boko ba, amma tsarin bincikensa ya fi na ɗalibai da yawa tsabta. Ya ce inji irin wannan abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: mai, iska, wuta da matsi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, ko kuwa ya zo ba a kan lokacinsa ba. Kuma ana farawa ne daga abin da ya fi sauƙin dubawa, ba a buɗe cikin inji saboda abin da hanci zai iya ganowa. Daga baya na karanta cewa wannan tsari na bugu huɗu, wato shaƙar mai da iska, matsa su, fashewarsu, sannan fitar da hayaƙi, Bajamushen nan Nikolaus Otto ne ya daidaita shi a 1876, shi kuwa injin yankan ciyawa wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a 1830, tun ana tura shi da ƙarfin hannu kawai. Kawu bai san waɗannan sunaye ba. Ya dai san abin da suka ƙera kamar yadda ya san tafin hannunsa.

Kafin ya taɓa komai sai da ya zare wayar da ke kan buji ya kautar da ita gefe. Ya ce wuƙar da ke ƙasa haɗe take da injin kai tsaye, juya ta da hannu daidai yake da jan igiya, kuma ya san wanda ya rasa yatsu biyu saboda ya manta da wannan.

Ya fara da mai. Ya buɗe tanki ya shinshina, sannan ya tsiyaye kaɗan a kwalba mai haske ya ɗaga ta sama. Ya ce isansin da ya daɗe a ajiye wari yake sauyawa, ya yi duhu, ya bar danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin karburato. Wanda aka saya a kwalba a bakin titi kuma wani lokaci yakan zo da ruwa ko ƙasa, ruwan kuwa da yake ya fi mai nauyi, ƙasan kwalba yake kwanciya, ido na ganinsa. Namu garau yake. Aka wuce.

Sai iska. Ya kwance dunƙulen da ke gefen karburato ya ciro soson da ke tace ƙura. A ƙasa irin tamu, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, wannan soso shi ne mai tsaron ran inji, domin ƙurar da ta wuce shi ita ce ke cinye bangon da fistan ke zirga-zirga a ciki. Na zaci zai fito a bushe, cike da ƙasa. Sai ya fito sharkaf da baƙin mai, yana ɗiga. Kawu ya juya shi a hannu, ya yi shiru. Ya ɗauki kile ya kwance buji, shi ma bakinsa jiƙe yake da baƙin mai. Ya ce bakin buji kamar harshen majinyaci ne: in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi a bushe kamar kunkunniya, mai ya yi wa iska yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na zafi, in kuwa ya jiƙe haka, to baƙin mai ya shiga inda ba wurinsa ba. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba: «An kwantar da wanga inji ta gehen da ba a kwantar da shi.»

An kwantar. Duk ɗalibin Hausa ya san wannan «an» da ba ta bayyana wanda ya yi aiki. Mu biyu ne kaɗai muka taɓa injin, ɗayanmu kuma yana kwance yana rawar ɗari lokacin da abin ya faru. Kawu ya buɗe mini ƙofa ne in shigo da kaina. Ban shiga ba. Na ce: «Haka ne, Kawu?» Ya ce haka ne. Ya bayyana mini cewa in za a karkata irin wannan inji, gefen karburato da soso ne ke kallon sama, in ba haka ba baƙin man da ke cikinsa sai ya gangaro ya jiƙa soso ya kuma shiga ɗakin wuta. Na gyaɗa kai kamar mai ɗaukar darasi. A zuciyata ina cewa wataƙila iyakar ɓarnar ke nan, in an wanke an goge zai tashi, zancen bututu kuma ya mutu ba tare da an binne shi da sunana ba.

Muka wanke soson da ruwa da sabulu, muka shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, ya ɗiga masa sabon mai kaɗan ya matse, domin danshin man ne ke kama ƙura. Ya goge bakin bujin da burushin waya, ya daidaita ratar da ke tsakanin haƙoransa biyu, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu nata. Ya sa ni na ja igiya sau da yawa alhali ramin bujin na buɗe, don man da ya taru a ciki ya fita. Ya toshe ramin da babban yatsansa ya ce in sake ja a hankali, iska ta ture yatsan, fuf. Ya ce matsi na nan. Sannan ya mayar wa bujin wayarsa, ya jingina jikinsa da ƙarfen injin, na ja, muka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle tsakanin haƙoran. Wuta ma na nan. Da yake baƙin man ya ragu kuma ya tsufa, muka juye shi gaba ɗaya muka zuba sabo, kaɗan ya ɗara rabin lita. Abin da makanisai ke kira bidanji ke nan, kalma ta arba'in da wani abu a jerina.

Mai, iska, wuta, matsi, duk sun hallara. Kawu ya mayar da komai, ya miƙe, ya yi bisimilla, ya ja igiya da ƙarfinsa.

Injin ya yi wata ƙara, fam, igiyar ta fizge da baya da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Mariƙinta ya kuɓuce ya bugi bayan hannunsa, shi kuwa ya yi taga-taga ya zauna a ƙasa yana riƙe da kafaɗa. Mutum ne mai shekara sittin da ɗoriya, wanda bai fi kwana biyu da barin shimfiɗar jinya ba. Inna ta fito daga madafa da gudu tana salati.

A nan ne giredi na huɗu ya ƙare mini. Na durƙusa na ce: «Kawu, ku gafarce ni. Ni na lalata shi. Na bugi ƙarfe da wuƙar, ni kuma na kwantar da shi.»

Ya daɗe yana murza kafaɗarsa kafin ya yi magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: «Na sani tun da na ga soso. Abin da ban sani ba shi ne ƙarhen. Da ka hwaɗa mini tun ranar, da ban ja igiyar ga ba, kuma da aikin bai wuce awa guda ba.» Sannan ya ce in miƙo masa kile mai lamba babba.

Abin da ya nuna mini bayan haka shi ne ya fi zauna mini a rai. A saman injin, ƙarƙashin murfin da igiya ke naɗe a ciki, akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa, da mayen ƙarfe a gefensa. Duk zagayen da ya yi, mayen ƙarfen yakan gifta ta gaban wani naɗin waya, giftawar nan ce ke haifar da wutar da ke zuwa buji. Dole wutar ta zo daidai lokacin da fistan ya kusa ƙurewa sama. Abin da ke riƙe faifan a daidai mazauninsa a kan sandar injin wani ɗan guntun ƙarfe ne mai taushi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda ake kira kilabet. In wuƙa ta bugi abu mai tauri, sandar takan tsaya cak, faifan kuwa saboda nauyinsa yana son ci gaba da juyawa, sai ɗan guntun ya yanke, faifan ya goce daga mazauninsa. Daga nan wuta tana nan, shuɗiya kyakkyawa kamar yadda muka gani, amma ba ta zuwa a kan lokaci. In ta riga lokacinta, sai ta tura fistan baya, igiya ta fizge hannun mai ja. Da muka ɗaga faifan, ga kilabet ɗin nan ya tsage kusan biyu, kamar an sa masa almakashi.

Na tambaye shi me ya sa ba a yin sa da ƙarfe mai ƙarfi. Ya ce da gangan aka yi shi da taushi, don shi ya karye a madadin abin da ya fi shi tsada. Ya ce akwai masu gaggawa da ke yanko ƙusa su cusa a wurin, injin ya tashi, su yi murna, ran da wuƙa ta sake bugun dutse sai faifan ya tsage ko sandar ta lalace, a jefar da inji gaba ɗaya. Ya sa na juya wuƙar a hankali, wayar buji a cire, yana kallon bakin sandar ko zai ga tana lilo. Ba ta yi ba. Ya ce mun yi arziki.

Ni aka aika kasuwar Katako neman kilabet. Na same shi wurin masu gyaran injin ban ruwa da janareto, a cikin wani gwangwani da ya cika da tarkace, dala ɗari. Mai sayarwar ya tambaye ni ko wuƙa ce ta bugi dutse, na ce ƙarfe ne, kuma ni na buga. Ban san dalilin da ya sa na ƙara masa wannan bayani ba, shi da bai tambaya ba. Wataƙila bakina ne ke koyon sabuwar siga.

Da la'asar muka mayar da faifan, muka ɗaure shi tamau. Kawu ya kwance wuƙar ya wasa ta da zarto, sannan ya rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiyarta, ya ga gefe ɗaya na rinjaya, ya ƙara cin wannan gefen har ta tsaya daidai, domin wuƙar da ba ta daidaita ba girgiza take sa wa inji har ta kwance masa kusoshi. Wannan karon ni ya ce in ja. A ja na biyu injin ya yi tari, ya kama, ya turnuƙe tsakar gida da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ragowar man da ya shiga inda bai kamata ba yana ƙonewa. Bayan ƴan mintoci hayaƙin ya washe, muryar ta daidaita. Yaran gida suka yi ta tsalle.

Tun daga ranar nake sake duban abin da muke koya a aji. Mukan bayyana sigogin da ba su ambaton mai aikatawa kamar wani gurbi ne kawai a jadawali, mu ba da misali, mu wuce. A bakin masu harshe kuwa zaɓi ne da ake yi da dalili, kuma dalilin ba guda ba ne. Ni na ce «ya lalace» don in ɓoye kaina. Kawu ya ce «an kwantar» don ya ba ni damar fitowa ba tare da ya tsiraita ni ba. Da dare kuma na ji Inna tana tambayarsa abin da ya sami injin, ya ce mata: «Wani ɗan ƙarhe ne ya karye, an sauya.» Sigar da na yi amfani da ita don guje wa laifi, ita ce ya yi amfani da ita don ya rufa mini asiri. Nahawun ɗaya ne. Wanda duk zai yi nazarin waɗannan sigogi da gaske, ina ganin sai ya tambayi wa ke magana, da wa, kuma wa ake karewa. Na kai wa malamin da ke duba kundina wannan tunani, ya ce batu ne mai kyau amma ba na wannan kundi ba, in gama da kalmomin aro tukuna. Ya yi gaskiya. Na dai ƙara kilabet a jerin, kuma ita ce kalma ɗaya tilo a ciki da na san nauyinta a tafin hannu.

Ranar Alhamis da sassafe muka tura injin zuwa Filato tare, domin kafaɗar Kawu ba ta yarda ya ja igiya ba har kusan mako biyu. Kafin mu fara, ya sa na bi filin da ƙafa taku-taku ina tsince duwatsu, na kuma kafa sanda a kan bututun nan don a gan shi. Maigidan ya fito yana duba agogo, ya ce ya ji an ce injin ya mutu. Kawu, wanda ya yi yini guda a tsugunne da zazzaɓi a jikinsa yana bin cutar gaɓa-gaɓa har ya kamo ta, ya gyara hularsa ya ce: «Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, ya gyaru.»